Yabon Gwani Ya Zama Dole: Ina Matsayin Malamin Da Ya Koyar?

Duk wanda ya taɓa halartar bikin yaye ɗalibai a ɗaya daga cikin manyan makarantun ƙasar nan ya san yadda ranar take tafiya. Za a kafa rumfuna, a jera kujeru, a yi ta jiran manyan baƙi har rana ta take. In sun iso, sai a fara da kirari da jawabai, sannan a kira wani attajiri ko wani ɗan siyasa a yafa masa alkyabba, a ɗora masa hula, a ce daga yau ya zama Dakta. Daga nan a kira ɗaliban da suka yi fice a miƙa masu kyaututtuka, a yi hotuna, a watse. Can a gefe kuwa, cikin layin malamai, akwai mutumin da ya shafe shekara ashirin yana shiga aji ƙarfe takwas na safe, wanda da hannunsa ya koya wa ɗalibin da aka karrama yadda ake riƙe abin awo da yadda ake warware lissafi. Sau da yawa shi wannan ba mai ambaton sunansa. Zai naɗe rigar bikin ya mayar wa ma'aji, ya hau babur ɗinsa ya koma gida.

Wannan lamari ya shafi arewa maso yammacin Jigawa kai tsaye, domin yankin yanzu ba baƙo ba ne ga manyan makarantu. A shekarar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha mai hedikwata a Kazaure. Daga baya aka sa mata sunan marigayi Sarkin Kazaure Alhaji Hussaini Adamu, kuma a 2007 ta koma hannun Gwamnatin Tarayya. A zamanin Gwamna Saminu Turaki an kafa makarantar koyon ilimin kwamfuta a garin na Kazaure. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Ke nan yaron da aka haifa a Roni ko Gwiwa, wanda a da sai ya tafi Kano ko Zariya kafin ya ga ƙofar babbar makaranta, yau tana nan kusa da gida.

Gine-gine sun samu, alhamdu lillahi. To amma manomin Gwiwa da ya sayar da riɗinsa ko akuyarsa ya biya wa ɗansa kuɗin rajista, abin da ya saya da kuɗin nan shi ne awannin da ɗan zai yi zaune gaban malami. Idan malamin ya zo, ya shirya, ya yi bayani har aka gane, to kuɗin manomi ya yi albarka. Idan kuwa bai zo ba, ko ya zo ya karanta tsohuwar takarda ya fita, to an ci amanar manomin, ko da ginin makarantar ya kai bene goma. Saboda haka tambayar wane ne malami nagari, kuma yaya ake gane shi a girmama shi, tambaya ce da ta shafi aljihun talaka da makomar 'ya'yansa.

Ma'aunin da ake amfani da shi

Sai a dubi yadda malami yake samun ƙarin girma a jami'a ko kwaleji. Abin da ake ƙirgawa da farko shi ne takardun shaidarsa, da shekarun da ya yi a kan matsayinsa, da kuma yawan maƙalolin da ya buga a mujallun ilimi. Maƙaloli su ne suka fi nauyi, musamman a jami'a, inda ba mai zama Farfesa sai an aika rubuce-rubucensa ga masana na waje sun auna. Koyarwa tana cikin takardar cikewa, amma yawanci abin da ake dubawa shi ne ko an ba shi darasi ya ɗauka. Ba kasafai ake tambayar ko ɗalibai sun fahimta ba.

Bincike da rubutu abu ne mai kyau, kuma ba mai hankalin da zai raina su. Malamin da ba ya bincike iliminsa zai tsufa a hannunsa. Amma ɗan Adam yana bin inda ladansa yake. Idan matashin malami ya lura cewa awa uku da ya ɓata yana gyara wa ɗalibai aikin gida ba za su ƙara masa komai ba, alhali awa ukun nan in ya zuba su a rubuta maƙala za su kai shi mataki na gaba, to ba sai an gaya masa abin da zai zaɓa ba. Da haka ake wayar gari wanda ya fi kowa kula da ɗalibai shi ne ya fi kowa daɗewa a mataki ɗaya, abokan aikinsa suna wuce shi suna yi masa kallon wanda bai waye ba. Wannan ma'auni ne ya haifar da kasuwar mujallun bogi, waɗanda ke buga duk abin da aka kawo masu muddin an biya, da kuma ɗabi'ar nan ta "sa sunana in sa naka" a kan maƙalar da mutum bai ma karanta ba.

A kwalejin fasaha abin ya fi ciwo. Manufar kafa irin waɗannan kwalejoji, da ma hukumar NBTE da aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna don kula da su, ita ce samar da mutanen da suka iya aiki da hannunsu. A nan gwani shi ne wanda ɗalibinsa zai iya haɗa wayar lantarki ta gida ba tare da ta tashi gobara ba, ko ya auna fili daidai, ko ya gano abin da ke damun inji. Da yawan wannan horo yana hannun masu koyar da aikin hannu da masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje, waɗanda a tsarin girma suke ƙasa da lakcarori, kuma su ne aka fi mantawa da su ranar rabon yabo.

Lambobin yabon da ake da su a ƙasa ma ba su cike wannan giɓi ba. Lambar girmamawa ta ƙasa ga masana, wadda aka kafa a 1979, ana ba da ita ne saboda zurfin bincike da ƙirƙira. Kyaututtukan da Gwamnatin Tarayya ke rabawa a Abuja ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, sun fi karkata ga malaman firamare da sakandare, haka ma kyautar Maltina da aka fara a 2015 ta malaman sakandare ce. Su kuwa digirorin girmamawa, lalacewarsu ta kai har shugabannin jami'o'in ƙasar nan da kansu suka taru a Keffi a 2012 suka yi matsaya cewa a daina ba masu riƙe da muƙaman siyasa. Kowa ya ga iyakar inda aka bi wannan matsaya.

Abin da magabata suka sani

Abin mamaki shi ne, al'ummar da ta gaji karatun zaure ba ta buƙatar wani ya zo daga waje ya koya mata darajar mai koyarwa. A karatun zaure ba a tambayar mutum wace makaranta ya gama. Ana tambayarsa ne a wurin wa ya yi karatu. Ijazar da ake ba ɗalibi sunan malaminsa ne a jikinta, da sunan malamin malaminsa, har zuwa mawallafin littafin. Malami yakan shahara ne da ɗalibansa, kuma ɗalibai ne da ƙafafunsu suke yanke hukunci, domin ba mai yin tafiyar kwana da kwanaki ya tare a zauren wanda ba ya iya warware mas'ala.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu, duk da tarin littattafan da ya wallafa a tafsiri da nahawu da fiƙihu da siyasa, sai da ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowannensu, tun daga ɗan'uwansa Shehu Usmanu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru da sauransu. Shekara fiye da ɗari biyu ke nan, amma sunayen waɗannan malamai suna nan ana karantawa, har da waɗanda ba su bar rubutu mai yawa ba. Koyarwa ce ta raya sunansu, ta hannun ɗalibi mai halacci.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda take naɗa mata masu ilimi a matsayin jaji su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Kowace jaji ana ɗora mata malfa a matsayin alamar muƙaminta, don duk wanda ya gan ta ya san wannan mai koyarwa ce, kuma a ba ta girmanta. Har yau ɗin nan, a Roni ko Babura, ranar da yaro ya sauke Alƙur'ani ba shi kaɗai ake taya murna ba. Iyaye sukan kai wa malaminsa abin da ya sawwaƙa, a ambaci sunansa a gaban jama'a, a yi masa addu'a.

Ko a ɓangaren boko, mutanen da suka fara buɗe wa Arewa ido malaman aji ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, kuma a 1948 ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, har ya koma ga Allah a 1983 da sunan Malam ake kiransa. Yaya aka yi jikokin waɗannan mutane suka wayi gari suna ganin wanda ya ba da gudummawar bas ya fi cancantar alkyabba a kan wanda ya ba da rayuwarsa?

Wasu ƙasashen sun farga

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A Amurka, a 1990, wani masanin ilimi mai suna Ernest Boyer ya fitar da rahoton da ya girgiza jami'o'insu, inda ya nuna cewa sun taƙaita ma'anar malanta ga buga maƙaloli, alhali koyarwa ita ma fanni ce ta ilimi da ya kamata a auna ta a saka wa mai ita. A 1997 hukumar UNESCO ta amince da wata takardar shawarwari a kan matsayi da haƙƙoƙin masu koyarwa a manyan makarantu. A Ingila tun shekarar 2000 ake zaɓen malaman jami'a da suka yi fice a koyarwa ana ba su lambar ƙasa duk shekara, kuma jami'o'i da dama a can sun buɗe hanyar da mutum zai iya kaiwa Farfesa ta hanyar ƙwarewa a koyarwa. Ba a ce duk abin da suka yi daidai ne ba, amma sun gane ciwon sun nemi magani. Su sun kai ga wannan ne ta hanyar kwamitoci da rahotanni, alhali a nan gado ne aka yar.

Abin da ake tsoro

Akwai masu cewa kyautar gwarzon malami ba za ta haifar da komai ba sai sabuwar fitina, kuma maganarsu abar saurare ce. Na farko, suna cewa idan aka bar wa ɗalibai zaɓe, to wanda ya fi sakin maki da ba da dariya a aji shi zai lashe, malami mai tsanani da gaskiya kuwa ya sha ƙasa. Na biyu, idan aka bar wa hukumar makaranta, to 'yan gaban goshin shugaba ne za su riƙa karɓa bi da bi, wanda ya cika faɗin gaskiya a taron malamai kuwa ba zai taɓa gani ba. Na uku, wanda ya fi nauyi, suna cewa allon katako mai rubutun zinare ba ya sayen buhun masara. Malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka riƙe masu albashi. Malaman kwalejojin fasaha sun yi nasu daga ƙarshen 2013 har zuwa tsakiyar 2014. Mutumin da ake bin sa bashin kuɗin haya, a ce a kira shi a miƙa masa allo a tafa masa, wannan ai kusan izgili ne.

Wannan batu na uku gaskiya ne, kuma dole a faɗe shi da babbar murya: karramawa ba ta maye gurbin haƙƙi. Albashi haƙƙin kowane malami ne, gwani da wanda ba gwani ba, kuma mahukuntan da suka tauye shi ba za su wanke kansu da bikin rabon kyauta ba. Amma jiran ranar da komai zai gyaru kafin a ce wa mai ƙoƙari sannu, shi ma zalunci ne a kan wanda ya tsaya a aji lokacin da wasu suka watsar. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Malamin da bai sayar da maki ba a shekarar da tukunyarsa ba ta hau wuta kullum, wanda bai tilasta wa ɗalibai sayen takardun darasinsa ba, wanda ɗaliba mace take shiga ofishinsa ta fito da mutuncinta, shi ne ya fi cancantar a san da shi. Bayan abin kunyar da binciken BBC ya bankaɗo a 2019 game da malaman da ke neman ɗalibai mata da lalata don maki, mutane da yawa sun koma yi wa malaman manyan makarantu kuɗin goro. Masu amana a cikinsu suna da haƙƙin a ware su daga wannan zargi.

Sauran batutuwan biyu kuwa, gargaɗi ne a kan yadda za a tsara abin, kuma suna da magani.

Yadda ya kamata a yi

Da farko, kada shaida ta fito daga baki ɗaya. A ji ta bakin ɗaliban da ke aji, ta takardar da ba a rubuta suna, kuma tambayoyin su zama a kan abin da ake iya gani: ko malami yana zuwa a kan lokaci, ko ya gama manhaja, ko yana dawo da aikin da ya gyara, ko yana amsa tambaya ba tare da wulaƙanci ba. Sannan a ji ta bakin tsofaffin ɗalibai da suka yi shekara uku ko biyar da fita, domin su ba sa tsoron maki kuma ba sa kwaɗayinsa, rayuwa ta riga ta nuna masu wanda ya amfane su. Sau da yawa malamin da aka fi ƙi a aji ɗaya shi ake yi wa addu'a a wurin aiki. Sannan abokan aikinsa su shiga ajinsa su zauna su gani. A fannin fasaha kuma a tambayi masu masana'antu da ma'aikatun da ɗalibai ke zuwa koyon aiki.

Na biyu, kwamitin zaɓe ya haɗa da mutanen waje, a bayyana sharuɗɗa tun farkon shekara, a kuma karanta dalilan zaɓe a gaban jama'a. Shugabannin makaranta kada su shiga takara muddin suna kan kujera. Masu koyar da aikin hannu da masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje a ware masu nasu rukuni.

Na uku, kuma shi ne ƙashin bayan maganar, karramawar ta shiga takardar ƙarin girma da maki mai nauyi. Muddin ba ta shiga nan ba, to biki ne kawai. Wannan aiki ne na majalisun gudanarwar makarantu, da hukumomin NUC da NBTE. Asusun TETFund, wanda asalinsa harajin ilimi ne da aka kafa a 1993 bayan gwagwarmayar ƙungiyar ASUU, yana kashe kuɗi a kan gine-gine da bincike da tura malamai ƙarin karatu. Ba abin da zai hana a ware wani kaso don gwanayen koyarwa, a ba su kayan aiki, a kuma ɗora masu nauyin horar da sababbin malamai, domin da yawan masu shiga aji a manyan makarantu ba a taɓa koya masu yadda ake koyarwa ba.

Jami'ar Babura tana da damar da tsofaffin jami'o'i ba su da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Al'adar da ta kafu a shekarunta na farko ita za ta bi ta shekara hamsin. Kwalejin Kazaure kuwa ta haura shekara talatin, tana da tsofaffin ɗalibai a ko'ina cikin ƙasar nan, wato shaidun da ake buƙata suna nan da ransu. Masarautu, da ƙungiyoyin ci gaban Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, da attajiran yankin, su ma suna da rawar takawa. Wanda Allah ya hore wa, maimakon neman a kira shi Dakta a kan karatun da bai yi ba, ya kafa waƙafin da za a riƙa karrama malamai da shi duk shekara. Wannan ya fi alkyabba daɗewa, kuma ya fi ta amfani ranar da alkyabba ba ta da amfani.

Nauyin da ke kan matasa

Ɗalibai ba sai sun jira wata hukuma ba. Babbar karramawar da malami nagari yake so ita ce ya shigo aji ya tarar an zo, an yi bitar darasin jiya, an zo da tambaya. Ɗalibin da ke satar amsa, ko yake bin malami da ambulan, ko yake haɗa kuɗi a aji don a sassauta jarrabawa, yana cikin masu kashe gwiwar malaman kirki, kuma ba shi da bakin kukan lalacewar ilimi. Ƙungiyoyin ɗalibai da ke kashe kuɗi wajen buga allunan yabo ga 'yan siyasa don neman na goro, su ji kunya su juya akalar abin zuwa ga waɗanda suka cancanta, ba tare da duba garin da malami ya fito, ko ƙabilarsa, ko addininsa ba. Wanda ya koyar da gaskiya ya riƙe amana, a ba shi haƙƙinsa.

Wanda kuma ya riga ya gama, ya tuna cewa akwai wani dattijo a Kazaure ko wani gari da ya taɓa tsayawa bayan an tashi ya sake yi masa bayani har ya gane. Ziyara ɗaya, ko wasiƙa, ko ambaton sunansa a gaban 'ya'yansa, ba ta cin ko sisi. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta sunayen malamansa don kada su ɓace. Kowane ɗalibi yana iya yin nasa gwargwadon hali, tun malamin yana da rai.

Allah ya saka wa malamai masu amana da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya shiryi waɗanda suka karkace, ya kuma ba matasa ilimi mai amfani da halaccin gode wa waɗanda suka koyar da su.